'Ya'yan da Ke Gefen Allo

Gwanzu, 6 ga Yuni 2008

Zuwaga bawana Tankari, mushen Maraɗi, wato malamin makaranta a bakinku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya jiki, ya Habsatou, ya yara. Ni dai a nan Caina lafiyata lau harna ƙara ƙiba, wandon dana zo dashi daga Kano yanzu saidai in ratayeshi a ƙusa mu dinga gaisawa.

Alhaji Ilu na garinku, wanda zai miƙa maka wannan kwali, shi yabani labarin abinda ya sameka, wai ɓarin jikinka na dama ya saki kana tsakiyar rubutu a allo gaban yara. Wallahi banji daɗi ba. Yace hannu yafara dawowa, bakin ma saura kaɗan, amma ka hana kowa ya miƙa maka waya dan kar aji harshenka na nauyi. To ni dama tunda nake bantaɓa jin abin kirki ya fito daga bakin nan ba, kaga ba asara. Tunda likita yace ka dinga rubutu hannu ya motsa, gani, rubuto min. Kuma karka manta kakana da kakarka ciki ɗaya suka fito, ni jikan namiji kai jikan mace, saboda haka in ubangidanka yayi magana saika amsa.

Yanzu buɗe kwalin. Wannan darar mutanen Japan ce, sunanta shogi. Shekara ashirin kana cina a dara duk zuwan da nayi Maraɗi, harda ranar sunan 'yarka a gaban surukanka, ko sau ɗaya baka taɓa bari na ɗana ba. To yau Allah ya kawo ranar ramuwa.

Gida tara ne tsaye tara kwance, kowa 'ya'ya ashirin. Duk launinsu ɗaya, da hancinsu ake gane nawa ne, wanda hancinsa ke kallonka na abokin gaba ne. Akwai takarda aciki mai kibiyoyi tana nuna yadda kowanne ke tafiya. Rubutun dake ƙasan kibiyoyin karka wahalar da kanka, surutu ne kawai, ni na karanta ba komai aciki. Na raɗa musu suna dan ka gane. Akwai sarki, shi ake farauta. Akwai zinare da azurfa, dogarawansa. Doki yana tsallake. Mashi gaba kawai ya sani. Tirela tana miƙewa duk tsawon titi gaba da baya da gefe. Kaguwa kuma a karkace take tafiya har inda ido ya tsaya. Ƙananan tara na gaba kurata ne, taku ɗaya ɗaya. Wanda ya shiga layi uku na gidan abokin gaba sai a kifashi, jan rubutu ya fito, ya samu ƙarin girma.

Akwai wani tsoho ɗan Japan sunansa Nagai, ofishinsa na kallon na mai kagonmu, mai tura mana kaya gida, a titin Hwanshi Lu, aikinsa duba ɗinkin riguna kafin a turasu ƙasarsu. A garinsu shine zakara, in ya shigo fili mutane tashi suke. Kwana uku kacal nayi ina kallo nace tsoho zauna in gwadaka. Ya matse min sarki a lungu, tirelarsa ta shigo min har tsakar gida, azurfarsa da dokinsa na biye. Na zana maka yadda allon yake a takarda ta biyu, gida gida, nine na ƙasa kuma nine da taku. Duk wanda ke wajen yace Babayo ya mutu a kawo likkafani. Ni kuwa na ɗauki kofin shayi na kurɓa, kafin ya huce na hango mafita. Taku ɗaya tak. Na juya wasan na cinyeshi, tsoho ya miƙe yana sunkuyo yana laoban laoban, wato maigida.

To mushe, kai da ake cewa kanka yafi na kowa a dangi, nemo min takun nan. In ka kasa ka faɗa, bazan gayawa kowa ba sai mutanen Kano da na Maraɗi.

Naka ubangidanka har abada,
Babayo na Gwanzu

*

Maraɗi, 3 ga Yuli 2008

Zuwa ga Babayo,

Wa alaikumus salam. Saƙonka ya iso, na gode ƙwarai. Muna lahiya. Hannu na kama alƙalami yanzu, sai dai shina gajiya bayan layi goma, shi ya sa wagga takarda ta ɗauke ni kwana ukku. Habsatou na gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko Sinawan sun san irin baƙon da sunka yi.

Na koyi kibiyoyin cikin mako guda. Wasa ne mai kyau, ya hi dara zurhi nesa. Abin da ya ba ni mamaki ɗaya ne, mi ya sa mutane masu hankali haka ba su bambanta launin 'ya'yan ba. Na jera allon yadda ka zana, na duba sau ukku kada in yi kuskure. Yau kwana goma sha shidda ina kanshi. In sarki ya gudu hagu, azurfa ta tare shi. In na sa zinare tsakani, tirela ta cinye ta zauna. Ban ga komi ba tukuna.

Zan gaya maka wata magana da ko Habsatou ban gaya ma duka ba. Sufeton lakwal, mai duba makarantu, ya ba ni har ƙarshen watan tara in ce mashi ko zan koma aji, ko in ajiye aiki su sa wani kahin yara su dawo hutu. Likita ya ce jiki ya iya. Ba jikin nike tsoro ba. Ran nan ina zaune na tambayi kaina bakwai sau takwas, sai na ji wurin wayam, kamar ɗakin da anka kwashe kaya. Ya dawo, amma sai da na jira shi. Ajina na jarrabawa ne, yara sittin da biyu. Shekara ashirin da bakwai ban taɓa tsayawa gabansu da abin da ban tabbatar ba, kuma ba zan fara yanzu ba.

Don haka na yanke. Abin da kai Babayo ka hango cikin kohin shayi guda, in na samo shi da kaina kahin wa'adin, in koma aji. In ban samo ba, na san abin da ciwon ya ɗauka, in ba su wurinsu.

Kada ka aiko mani da amsa. Ka dai tabbatar mani zanen daidai yake.

Tankari

*

Gwanzu, 21 ga Yuli 2008

Bawana,

Gaisuwa da fatan alheri, ya ƙarfin jiki, ya uwargida. Ni ina nan garau, saidai zafi, garin nan in ka fito daga wanka kafin ka kai ƙofa ka sake jiƙewa.

Takardarka tazo ina kasuwar Kanan ina zaɓar jins, na karantata a tsaye. Dana kai inda kace wai darata ce zata yanke maka komawa aji, nayi dariya har mai shagon ta ɗauka kayanta nake rainawa ta rage min farashi. Kai Tankari har yanzu baka daina ba. Wato ka fara shirya hanyar gudu, in ka kasa kace ai ciwo ne. Ban yarda ba. Bakwai sau takwas kuwa ni tun ina firamare ban sanshi ba kuma gani a Caina ana kirana laoban.

Zane daidai yake ɗari bisa ɗari, da idona na zana, ni da nake duba kwantena guda ban taɓa ɓatar da ko safa ɗaya ba. Kwana goma sha shida! Mushe guda! Wallahi dana faɗawa tsoho Nagai saida ya riƙe ciki. Yace a gaya maka a ƙasarsu ƙananan yaran makarantar naziri ke warware irin wannan kafin a basu alawa. Amma tunda kai bawana ne zan tausaya maka da ɗan haske, ka dinga kallon wajen doki. Iyakar abinda zan faɗa kenan.

Labarin gari kuma, saboda wasannin Olamfik da za'ayi a Bejin wata mai zuwa an ƙulle biza tamau. Da shekara ake bamu, yanzu wata ɗaya ma sai kayi da gaske. 'Yan sanda na tsayar da mutum a titi fasfo fasfo. Rabin mutanenmu sun tafi gida, masu zuwa sari kuma babu, kaje ofishin kago kace akwai mai tafiya Nijar suce meyo, wato babu. Wannan ma wani ɗan Katsina na roƙa zai bayar a mota daga can. In kaji shiru bani bane, hanya ce.

Ka cigaba da nema, motsa kai ai magani ne. Inka samo zansa a ɗinka maka kwat.

Zakaran Hwanshi Lu,
Babayo

*

Maraɗi, 26 ga Agusta 2008

Zuwa ga Alhaji Babayo,

Sallama da gaisuwa. Ni ce Habsatou. Yara lahiya lau, suna gaishe ka. Mushe bai san na rubuto ba, kuma kayen da ke cikin wanga ƙunshi, littahin da yake rubutu ciki, ɗauke shi na yi daga ƙarƙashin katihwa. In ya tambaya ni zan amsa.

Alhaji, na san tsakaninku wasa ne tun kuna yara, ban taɓa shiga ba. Amma wanga karo ka duba mani. Tun da takardarka ta biyu ta zo ya bar zuwa rumhwar dara. Abokanshi sun zo har gida sau biyu, ya ce a ce masu shina barci. Daga sallar asuba shi da katakon nan ne har azahar, in na aje abinci sai ya yi sanyi. Mako ukku ya yi kan doki kaɗai saboda kai ka ce. Jikinshi ya yi kyau, shina tahiya masallaci ba sanda, maganarshi ta fito sarai. Amma ran Jumma'a na iske shi ya tattara littattafan aji ya ɗaure da igiya, ya ce in ba maƙwabcinmu mai koyarwa.

Ka buɗe shahin ƙarshe na kayen ka gani. Ya rubuta, kowace hanya sarki mutuwa yake, wadda ta hi nisa taku goma sha ɗaya, ban ga abin da Babayo ya gani ba. Daga nan bai ƙara rubuta komi ba. Ya ce mani, Habsatou, mutumin da bai taɓa cina ba ko sau guda ya gani cikin kohin shayi, ni wata biyu ban gani ba, mi ya rage a tambaya.

Ya riga ya rubuta takardar ajiye aiki, tana cikin aljihun rigarshi ta Jumma'a. Ya ce ranar ashirin da huɗu ga watan tara zai kai ma sufeto, kada a bar mutane cikin jira har bayan Salla.

Ni ban san wasan ga ba. Na dai san mijina. Wanda ya cika shahi hamsin da ukku da zane da lamba, layi bai karkace ba, ban yarda kanshi ya lalace ba. In akwai abin da ka sani, don Allah ka hwaɗa. Ga lambar wayata a bayan takarda, ni ina ɗauka.

Habsatou

*

Gwanzu, 14 ga Satumba 2008

Tankari,

Assalamu alaikum, ya ibada, ya jiki. Ni lafiyata ƙalau amma kwana uku abincin buɗa baki a gabana yake hucewa, kuma kasan ni da abinci. Da azumi a bakina nake rubuta wannan, saboda haka yau ba ƙari.

Karka yiwa Habsatou faɗa. Saƙonta ya kwana goma sha shida a hanya kafin ya sameni, da kayenka aciki.

Ban taɓa wasa da tsoho Nagai ba. Ko sau ɗaya. Ban iya ba, har yau ina manta yadda azurfa ke komawa baya. Shi ma ba zakaran ko'ina bane, mai son abin ne kawai. Kuma bai taɓa cewa komai akan yaran naziri ba, bai ma san kana duniya ba sai kwana uku da suka wuce. Maganar doki ni na ƙirƙira a tsaye a kasuwa.

Allon dana zana maka ba nawa bane. Wasan kare kambu ne na ƙasarsu, tsakanin mai riƙe da kambun da wanda yazo ƙwacewa, mutanen da tun suna yara basu da wata sana'a sai wannan. Kwana biyu ake wasa ɗaya, kowa anbashi awa takwas na tunani. Tsoho yana bi a kwamfuta, duk takun da akayi saiya maimaita a allonsa na ofis. Ni shayi nake shiga sha. Ranar da yamma na tarar yayi tagumi, yace mai kambu ya shiga uku, awa biyu da minti goma yana kallon allo bai taɓa komai ba. Da lokacin tashi yayi ba'a barinsa yayi takun a fili, dan kar ɗayan ya samu har gobe yana tunani a kyauta. Saiya rubuta a ɓoye, a sa a ambulan a liƙe, su duka susa hannu, alƙali ya kulle sai da safe a buɗe. Abin ya burgeni. Tsoho ya fita amsa waya, na zaro takarda na kwafe allon, raina yana cewa yau na kama Tankari. Washegari ina Hwampu wajen lodin kwantena tun safe, ban ga buɗe ambulan ba. Ban kuma tambaya ba. Wato abinda nace na hango a kofin shayi, gwanin ƙasa guda saida yayi awa biyu, ni kuwa ko amsar ban sani ba.

Da wannan ne kaɗai da da sauƙi.

Na ɗauki kayenka da kwafin zanena na kaiwa tsoho. Ya kalli zanen ya kalleni, ya dinga buga yatsa a gefen takardar inda ba komai yana cewa meyo, meyo. Saiya jawo wasu 'yan tebura biyu ƙanana kamar kujerar tsugunno, ɗaya dama ɗaya hagu. Na sansu, ranar ma suna nan da 'ya'ya akai. Ni na ɗauka wajen zubar da waɗanda aka cinye ne, kamar yadda muke wurgar dasu gefe a dara, shi yasa ban zanasu ba, wa yake zana gawa. Ashe Tankari a wasan nan wanda aka ci baya mutuwa. Naka ya zama. Yana zaune a teburinka, duk sanda kaga dama maimakon ka matsa wani saika ɗaukoshi ka juya hancinsa ka direshi a duk gidan da ba kowa. Shi yasa launinsu ɗaya. Ka tambayi wannan a takardarka, ni ina can ina dariya. Kuma yana rubuce a ƙasan kibiyoyin, wajen da nace maka na karanta surutu ne.

Mai kambu yana da kaguwa ɗaya da kurtu biyu a teburinsa. Ɗayan yana da kurtu uku. Da ɗan Turancinsa da ɗan Canisancina da hannu tsoho ya nuna min yadda abin yake. Tun safiyar ranar farko mai kambu da gangan yayi musayar kaguwa, ɗayan ya maida tasa fili da wuri, shi kuwa ya riƙe tasa yaƙi sauketa. Ya bari aka shigo masa gida, saboda duk ɗan da abokin gaba ya turo gaba ya bar rami a bayansa. Yace ɗa ɗaya a hannu yafi biyu a allo tsoro, dan na allo kana ganin inda zashi, na hannu kuwa duk ramin dake fili nasa ne. Abinda ke cikin ambulan kaguwar nan ce. Inda ya direta na rubuta a wata 'yar takarda na ninke na liƙe da salatif, in kaso ka buɗe in kaso ka bari.

Wato wata uku na saka kana neman ƙofa a ɗakin dana toshe da hannuna.

Tsoho ya riƙe kayenka kwana biyu. Baya jin Hausa amma zanenka da lambobinka sun isheshi, ya bi shafi hamsin da ukun a allonsa ɗaya bayan ɗaya. Jiya ya kirani. Yace a allon da aka baka, ba tare da na gefe ba, babu mafita, kuma goma sha ɗayan da kace daidai ne, ya nemi ta sha biyu bai samu ba. Yace kuskure ɗaya ya gani a shafi na tara kuma kai da kanka ka gyarashi a na goma. Ya tambayeni shekara nawa mutumin nan yayi yana wasa. Nace wata uku, daga takardar kibiya, kuma yana tashi daga ciwon shanyewar jiki. Ya miƙa min kayen da hannu biyu. Sannan ya tambayi waye ya zana allon. Nace wani ne a Kanan.

Saura ɗaya. Na kira Habsatou sau biyu. Na farko dana ji muryarta saina tambayi yara da farashin gero na kashe. Na biyu nace ta gaya maka amsa na tafe ka jira. Na buɗe baki ince ƙarya nayi, wallahi maganar ta ƙi fita. Shekara ashirin ina jiran ranar da zan ciwo ka, kuma ace a gaban matarka zan mayar. Nace gara takarda. Alhaji Ilu ya samu biza ya shigo, zai tashi sha tara ga wata, yace zai ɗan tsaya Dubai amma bazai daɗe ba. Na ƙirga, inaga zata isa.

Kanka lafiya lau yake. Nawa ne ya kamata a kai asibiti, saidai likitocin nan basu da injin da zai ɗauki girmansa. Kaga ko wannan bata bada dariya ba.

Dan Allah karka kai takardar nan. Ka koma ajinka. Ka yafe min.

Babayo

*

Maraɗi, 12 ga Oktoba 2008

Babayo,

Wa alaikumus salam. An sha ruwa lahiya, barka da Salla. Muna lahiya, jiki alhamdu lillahi.

Alhaji Ilu ya yi mako guda Dubai, ya yi Salla Kano. Takardarka ta shigo hannuna ranar ukku ga wanga wata. Tawa ta ajiye aiki na kai ta ranar ashirin da huɗu, yadda na ce.

Habsatou ta ba ni saƙonka na waya, cewa amsa na tahe in jira. Mi zan yi da amsa? Na gaya maka tun farko ba amsa nike so ba. Wanda anka gaya ma bai samo ba. Da ka ce mata allon ba daidai yake ba, kalma biyar, da na jira ka har baɗi.

Na karanta takardarka sau biyu. Ban buɗe 'yar ƙaramar ba. Na jera allon, na aje kaguwa da kurtu biyu bisa murhin kwano ga damata, ukku ga hagu. Daga la'asar na zauna. Kahin a kira magariba na dire ta gida na biyu daga kusurwar sarkina, inda ta tsaya tsakanin tirela da shi, kuma in ka bi karkacenta har ƙarshe, ta ramin da azurfa ta bari, sarkin wancan take kallo. Tana tsaro tana hari da taku guda. Sannan na yanke salatif ɗin. Ita ce. Wanda ya riƙe ta tun sahe bai sauke ba, ka ce ma tsohon ya yi mani kyau ƙwarai, kuma na gode da kwana biyun da ya ba kayena.

Wanshekare na sa riga na tahi wurin sufeto. Ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni kujera. Ya ce takarda ta wuce ma'aikatar ilimi a Yamai tun kahin Salla, an sa hannu, an turo wani, ya kama aiki ran ɗaya ga wata. Ya ce da na zo mako guda kahin nan, da an tsai da ita. Na biyo ta bayan lakwal, na ji yara ta taga suna karanta bakwai sau takwas. Na amsa tare da su, ban jira ba.

Ka ce in yahe maka. Ba yau ba, amma ba zan kai shi lahira ba, kada ka hana kanka abinci. Kuma ba duka ne naka ba. Na ƙirga daidai, na rubuta da hannuna babu mahita, sannan na ɗauki bakinka, kai da na sani tun kana satar ɗan dara in na juya, na sa shi bisa ƙirgata. Wannan ba kai ka yi mani shi ba. Da yaro ne ya yi haka cikin ajina da na tsai da shi gaban allo.

Habsatou ba ta gaishe ka ba. Na tambaye ta, ta ce in rubuta haka.

Ajin ya tahi, Babayo. Kaina na nan lahiya lau, kamar yadda ka ce. Ban dai san abin da zan yi da shi ba in ƙarhe takwas na sahe ta yi.

Tankari